Awarwaron da Bai Hau Jirgi Ba

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga kai. Ina iya ajiye maɓalli in yini ina nemansa, ina iya kiran jika da sunan ubansa. Amma ranar da wani ɗan ƙaramin jirgi ya ratsa saman Zuru, ɗiyata tana cikinsa ita kaɗai, wannan kam ko ƙasa ta rufe mini ido sai dai ta rufe da shi a ciki.

Ni 'yar manomi ce, matar soja, kuma mijina ya riga mu gidan gaskiya tun yaran suna ƙanana. Ban taɓa riƙe fensir ba sai da na haura arba'in, a ajin yaƙi da jahilci da matan majami'armu suka buɗe. Haushi ne ya kai ni ajin, don na gaji da a karanta mini saƙon 'ya'yana, wani ya san cikina kafin ni. Mutanen unguwa kuwa sun san ni da abu ɗaya: bakina ba shi da murfi. In miyarki ta yi tsami zan gaya miki, ko da ranar bikin ɗanki ne. Wasu sun ƙi ni saboda haka, ban kuwa rame ba.

Ɗiyar da nake magana ita ce ta ƙarshe a cikina, shi ya sa kowa ke ce mata Auta. Tun tana ƙarama in jirgi ya wuce sai ta saki tulu ta ɗaga kai. Na sha marinta a kan haka. Ashe abincinta take kallo. A shekarun dubu biyu da 'yan kai, lokacin da wayar hannu ta fara shigo mana, Allah ya buɗa mata hanya ta sami shiga makarantar koyon tuƙin jirgi can Zariya. Na yi murna a gaban mutane, na yi guɗa, amma a raina na ɗauka ai kullum akwai babban mutum zaune a gefenta yana riƙe da abin.

Wajen ƙarshen damina, dawa ta fara fitar da kai, sai ga ta ta zo gida hutun 'yan kwanaki, da wata doguwar takarda a naɗe a hammata. Bayan ta ci tuwo ta shimfiɗa ta a kan tabarma, ta danne gefunan da duwatsu, ta ce, "Mama, zo ki ga hanyata."

Ta yi mini bayani dalla-dalla. Akwai wata tafiya da ba a ba ɗalibi lasisi sai ya yi ta. Zai tashi shi kaɗai, ba malami a gefensa, ya yi tafiya mai nisa ya sauka a filin jirgi na wani gari, ya sake tashi ya sauka a wani, sannan ya komo inda ya fito, duk a yini guda. 'Yan ajinsu duk sun yi, saura ita, don duk ranar da aka sa mata sai ruwa ya ɓata. Kuma ita kaɗai ce mace a cikinsu. In wata ya ƙare ba ta yi ba, 'yan ajin za su wuce su bar ta, ta koma jiran 'yan baya.

Na ce, "Ke kaɗai? To wa zai riƙe miki in kin gaji?"

Ta yi dariya ta ce, "Mama, jirgi ne, ba goyo ba."

Takardar nan taswira ce. Ta ce in nemo garinmu. Na durƙusa, na bi haruffa da yatsa kamar yadda aka koya mana, har na same shi, Zuru, da kaina, ba wanda ya nuna mini. Kan yatsana ɗaya ya rufe garin duka: kasuwa, bariki, unguwar Rikoto, gonar ubana, kabarin mijina, duk faɗace-faɗacen da na yi a rayuwata, duk suna ƙarƙashin farce guda. Na daɗe ban ɗaga yatsan ba.

Ta ja layi da fensir daga Zariya zuwa yamma, ya zo daidai kan dutsen da ke bayan garinmu, sannan ya karya ya yi arewa. Ta ce dutsen ne alamarta, in ta gan shi ta san ba ta ɓata ba, a nan za ta juya. A kan layin ta yi ƙananan zane: ga gulbi, ga inda titi ya yi gwiwa, ga wani gari mai hasumiyar ruwa. Tana ta lissafin mai da na lokaci, tana gogewa tana sakewa. Na tambaye ta me ya sa ba za ta nufi dutsen kai tsaye ba kawai, tun da a sama ba rami ba kwana.

Ta ce, "Mama, in za ki ƙetare gulbi da damina da kaya a ka, kina nufar mashigar can ƙetare kai tsaye?"

Na ce, "Sai mahaukaciya. Sama da ita ake nufa, ruwa ya sauko da ke daidai."

Ta ce, "To haka iska take a can. Gulbi ne, ido ne kawai ba ya ganinsa."

Wallahi daga ranar ban ƙara kallon sama da tsohon ido ba. Na shekara fiye da hamsin ina zaton fili ne kawai Allah ya bari a kanmu, ashe ruwa ne mai gudu, kuma yarinyar da na goya ta san mashigarsa.

Da safe kuma sai ta ɗauki kujerata 'yar tsuguno ta dasa a tsakar gida, ta zauna, ta rufe ido. Hannun hagu na riƙe da abin da babu, na dama na taɓa wannan yana murɗa wancan a cikin iska, ƙafafu na danna ƙasa, baki na ta zuba Turanci kamar tana magana da wani. Kaji na wucewa ta gabanta, ko a jikinta. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ga haka, ta ja ni gefe ta ce, "Maman Auta, ko a kira fasto? Karatun nan fa in ya yi yawa..."

Na ce, "Naki da bai yi karatun ba, me ya hana shi zama lafiya? Tafiya take yi, ki rage murya kada ki sa ta ɓata hanya."

Gaskiya ni ma da farko gabana ya faɗi. Sai da ta buɗe ido ta gaya mini haka ake koya musu: ka yi tafiyar duka a kanka tun kana ƙasa, har da abin da za ka yi in inji ya tsaya, don ranar da ya faru hannunka ya riga tsoronka. A kujerar da nake tuƙa tuwo, yarinyar nan ta tashi ta sauka ba adadi.

Rigima ta zo ne ranar da wan mijina ya ji labari. Tsohon soja ne, kowa na ce masa Saje, ɗan gajere mai muryar mutum uku. Ya shigo da sandarsa ya ce, "Matar ƙanena, fito da ƙarfen."

Dole in yi bayanin ƙarfen nan. A wajenmu saurayi ba ya samun mata a bagas, sai ya yi golmo, wato ya yi shekaru yana noma a gonar uban yarinya. Da mijina ya gama nasa a gonar ubana, sai ya kai bakin garmar da ya yi noman wurin maƙeri, aka ƙera masa awarwaro mai kauri. Haka gidansu ke yi tun kakanni: duk wanda zai yi tafiyar da ake tsoron dawowarta, sai ya sa ƙarfen gida a hannunsa na dama, yana taɓa fata. Sun ce ƙarfen da ya san ƙasar gida shi ke jawo mutum gida. Mijina ya tafi fagen fama da shi a ƙasashen da ban san sunansu ba, ya dawo ko ƙwarzane babu. Ranar da ya manta shi a kan katangar banɗaki, ya hau mota zai koma bariki, motar ba ta kai ba. Na san abin da fasto ke faɗi a kan irin waɗannan abubuwa, na kuma san abin da idona ya gani. Yayyen Auta maza da suka shiga soja, kowanne da shi ya tafi horo.

Na fito da awarwaron daga ƙasan adaka na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya shi, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce a hankali, "Baba, Mama, ku yi haƙuri. Ba zan iya shiga jirgi da shi a hannu ba."

Saje ya buga sanda. "Mi? Boko ya kai ki raina ƙarfen ubanki?"

Ba ta yi gardama ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wani abu kamar agogo, mai allura guda a ciki tana rawa. Ta ce sunansa kamfas, akwai babbansa a gaban matuƙi. Ta ajiye shi a kan tabarma, allurar ta yi rawa ta tsaya. Ta ce duk inda ka kai shi a duniya, arewa yake nunawa. Na juya shi da hannuna, allurar ta ƙi bin hannuna, ta koma inda take, wajen hanyar Mahuta. Na sake juyawa, ta sake komawa. Ba batir, ba zare, ba kowa. Na ce, "Ikon Allah! Wa ke gaya mata?"

Auta ta ce, "Yanzu ki matso da awarwaron."

Na matso da shi. Allurar nan da ta ƙi jin maganata, sai ga ta ta saki arewa ta juyo tana bin ƙarfen mijina kamar akuya ta ga dusa. Na yi dama ta bi ni, na yi hagu ta bi ni.

Saje ya yi tsalle ya ce, "Kun gani! Har abin Bature ya san ƙarfen gidanmu!"

Auta ta ce, "Ya san shi, Baba, shi ne matsalar. Cikin jirgin bai fi bayan a-kori-kura faɗi ba, kuma hannun dama shi ke kaiwa da komowa a gaban allurar. In ta bi ƙarfen ta bar arewa, zan bi ta ina zaton daidai nake, har mai ya ƙare mini a saman dajin da ban sani ba."

Na ce, "Shi jirgin ba ƙarfe ba ne?" Ta ce yawancinsa irin na tukunyar alminiyam ne, ɗan ƙarfen da ke jikinsa kuma an riga an daidaita allurar da shi. Na ce to ta sa a jaka can baya. Saje da kansa ya ce ƙarfen da bai taɓa fata ba kaya ne, ba kariya ba.

Nan na tsaya tsakanin abu biyu. In ta sa, zai ɓatar da ita. In ba ta sa ba, na san abin da ya sami ubanta. Sai bakin nan nawa ya yi aikinsa. Na ce, "To ki sani, da ina da ikon hana tafiyar nan, da na hana ta, ko da za ki shekara ba ki yi mini magana ba. Lasisi ba ya kiran mutum Mama."

Washegari da hantsi ta ce in raka ta bayan gari. Muka hau wani fā, shimfiɗaɗɗen dutse inda mata ke shanya, inda kuma nan ne kaɗai wayar hannu ke kamawa sosai a unguwarmu a lokacin. Daga nan ana ganin babban dutsen sarai. Ta nuna mini shi ta ce duk hanyarta ba inda ƙasa ta kai nan tudu, kuma a ƙarshen damina gajimare kan sauko ya kwanta a kansa. Jirgi irin nata da ido ake tuƙa shi. In ta shiga gajimare ba ta ganin komai, dutse kuma ba ya matsawa. Suna samun labarin yanayi daga manyan filayen jirgi, amma a Zuru ba mai duba musu. Malaminta ya ce in tana da wanda ta yarda da shi a gida, zai so a ƙara musu da abin da ido ya gani.

Ta ce, "Ba zan iya ɗaukar ƙarfen Baba ba. Ki ba ni idonki a maimakonsa. Ranar da aka sa mini, ki hau nan da sassafe, zan kira ki. Ki gaya mini ko kina ganin kan dutsen."

Na ce, "In na ce ba na gani fa?"

"Ba zan tashi ba."

Na dube ta. "Jiya na gaya miki da ina da iko da na hana ki. Yau kuma kin ɗauko ikon kin sa mini a hannu?"

Ta ce, "Duk garin nan wa ya taɓa kama ki da ƙarya?"

Ta bar mini tsohuwar wayarta, ta koya mini inda ake dannawa, ta koma makaranta.

Ranar farko da aka sa mata bayan ta koma, na hau fān tun gari bai gama wayewa ba. Dutsen ba shi da kai. Farin gajimare ya sauko ya yi masa rawani har kafaɗa. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni. Waya ta yi ƙara, na ce mata, "Kansa a rufe yake ruf." Na ji ta maimaita wa wani da Turanci. Aka fasa tafiyar.

Abin haushi, kafin rana ta take tsaka gajimaren ya watse kamar ba a yi ba, gari ya yi garau har yamma. Wata 'yar ƙanwata kuwa da ba a tambaye ta ba ta yi waya da Auta, ta ce mata ai yau rana muka sha a Zuru, har shanya aka yi. Da la'asar sai ga kira.

"Mama, an ce mini yau ko ɗigon gajimare babu."

Na ce, "Da safe akwai."

"Kin dai ce da kina da iko..."

Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma buƙatar ƙarasawa. An zage ni a kasuwa, an kira ni mai baƙin baki, an kira ni jahila, duk ban ji zafinsu kamar wannan ba. Na ce, "In kin ɗauke ni maƙaryaciya, ki nemi wani ya duba miki." Na kashe wayar. Ita ma ba ta sake kira ba. Kwanaki suka yi ta tafiya, wata na neman ƙarewa, ni da ɗiyata ba ko gaisuwa. Sai wani yammaci saƙo ya shigo wayar. Na karanta shi da kaina, harafi bayan harafi: gobe ne, kuma ita ce dama ta ƙarshe.

Saje ya riga ni hawa fān da safe. Na same shi a tsaye da tsohuwar hularsa ta soja. Na ɗaga kai na dubi dutsen. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ruwan da aka yi a daren ya wanke shi tas, rana ta fara taɓa ƙoƙuwarsa, har itatuwan da ke kansa ana iya ƙirgawa. Sama kuwa shuɗiya kamar an rino ta a marina. Na nemi gajimare ko na rantsuwa, sai wani ɗan ƙyalle can gabas.

Saje ya matso ya rage murya, abin da ban taɓa jin ya yi ba. "Matar ƙanena, kalma ɗaya ce. Ki ce a rufe yake. Ta riga ta ɗauka kin yi mata ƙarya, to mi za ki rasa? Za ta yi fushi, ta huce. Yarinya ba ƙarfe a hannu, a sama, ita kaɗai. Na binne ƙanena, ba ni son in binne ɗiyarsa."

Hawaye ne a idon tsohon. Kuma duk abin da ya faɗa, zuciyata ta riga shi faɗa. Awarwaron yana hannuna, don tun ranar da ta ƙi shi nake sanye da shi. Na riƙe shi har ya yi mini shaida a fata. Na tuna allurar nan, yadda take tsaye a kan arewa ba mai lanƙwasa ta, sai da abin gidanmu ya matso kusa da ita sannan ta karkace. Na ce a raina, yarinyar nan ta ajiye ƙarfen ubanta don kada allurarta ta yi mata ƙarya. Ashe ni ce zan zama ƙarfen?

Waya ta yi ƙara.

"Mama, ina kwana." Muryarta a ɗaure.

Na ce, "Lafiya lau. Saurara da kyau. Kan dutse a buɗe yake tangaran, ina ganin itatuwan da ke kansa. Akwai ɗan gajimare can gabas, bai fi kallabi ba, kuma yana sama ƙwarai. Iska daga kudu take, ba ta da ƙarfi, kan dawa kawai take kaɗawa."

Sai ta ce da wata ƙaramar murya irin ta lokacin da take rarrafe, "Mama, kin tabbata?"

"Tashi ki tafi, kada rana ta yi miki. Allah ya kai ki, ya dawo da ke."

Na kashe kafin ta ji kukan da ya biyo baya. Saje ya juya mini baya. Bai sauka ba dai, ni ma ban sauka ba.

Labari ba ya ɓuya a unguwa. Kafin hantsi ya ɗaga, fān ya cika da mata, wasu da goyo, wasu da ludayi a hannu. Har maƙwabciyar da ta ce a kira fasto tana gaba-gaba. Kowa na magana, ni kuwa kunnena na sama. Babura na wucewa a titi, kowanne in ya yi ƙara sai gabana ya faɗi. Rana ta fara zafi. Wata ta ce ko dai ta bi wata hanya. Na ce mata in ba ta rufe baki ba zan rufe mata.

Sai na ji shi. Wani ɗan sauti siriri kamar zuma ta shiga tulu. Ya fito daga gabas, daidai inda fensir ya fito a kan tabarmata. Na ƙura ido har ya yi ruwa, sannan na ga wani ɗigo fari yana ƙyalli. Ya yi ƙanƙanta ƙwarai. Shirwa ta fi shi girma a ido. Duk faɗin saman nan, daga wannan gefe zuwa wancan, ba komai sai shi, kuma a cikinsa akwai mutum guda, mutumin da ya fito daga cikina, wadda na yi wa tsarki, wadda ke tsoron ƙadangare har ta girma. Na lura hancinsa bai nufi dutsen kai tsaye ba, ya ɗan karkata kudu, amma tafiyarsa na zuwa daidai. Na ce da ƙarfi, "Tana ƙetare gulbi!" Ba wanda ya gane, ban kuma damu ba.

Ta riga ta gaya mini ba za ta sauko ƙasa-ƙasa ba, ba za ta yi wasa don mu gani ba, jarrabawa ce ba biki ba. Haka kuwa aka yi. Jirgin ya zo saman dutsen can sama da shi, sai ya kwantar da fiffike ɗaya a hankali, rana ta haska cikinsa, ya juya ya miƙe arewa. Daidai inda layin fensir ya karye. Abin da aka zana a kan tabarma, kaji na tsallakawa, shi ne aka zana a sararin Allah ba kuskure. Matan suka ɓarke da guɗa. Ni da ake ji da guɗata a kowane biki, murya ta ƙi fita. Na durƙusa a kan fān, na ɗaga hannun da ke da awarwaron sama, ban san ma na ɗaga ba.

Da na waiwaya, Saje ya ƙame, sanda ta faɗi gefe, hannunsa a goshi yana sara wa sama. Bai sauke ba har sautin ya ɓace. Sannan ya share fuska da hula ya ce, "Jinin gidanmu ne. Kin ga yadda ta yi kwana? Sai ka ce a faretin bariki."

Na ce, "Ɗazu ba haka ka ce ba."

Ya ce, "Ke dai bakinki ba ya hutu."

Ban ci komai ba ranar. Na zauna a fān da waya a cinya har inuwa ta juya. Da yamma liƙis ta yi ƙara. Hayaniya nake ji a bayanta, maza na ihu suna dariya, ta ce wai abokan karatunta ne suka juye mata bokitin ruwa a ka don taya ta murna. Ta sauka a garuruwan biyu lafiya, an sa mata hannu a takardar shaida, ta dawo.

Ta ce, "Mama, na ga ɗan kallabin naki a gabas, yana nan inda kika ce. Na ga dutsen tun daga nesa. Na nemi gidanmu ban iya rabe shi ba, garin duka bai fi tafin hannu ba." Sannan ta ce, "Ranar nan ta farko... malamina ya ce da ma haka gajimaren tudu yake yi, ya kwanta da safe ya tashi da rana. Tun ranar ya gaya mini. Zuciya ce ta hana ni ji. Ki yafe mini."

Na ce, "Na ji. Kin ci abinci?"

Awarwaron yana hannuna har yau da nake wannan rubutu, kuma bai taɓa hawa jirgin Auta ba. Auta ta yi shekaru tana tashi tana sauka, har ni ma ta ɗauke ni sau ɗaya, na cire shi na bar wa Saje ajiya, ya riƙe shi kamar ƙwai. Ban ce gidan mijina sun yi kuskure ba, don ƙauna ce suka ƙera ta zama ƙarfe, kuma ƙauna ba abin raini ba ce. Amma abin da safiyar nan ta koya mini shi ne, wani lokaci abin da kake son ɗaura wa ɗanka don ya tsare shi, shi ne zai karkatar masa da hanya. In yaro ya kai inda hannunka ba ya kaiwa, abin da ya rage ka ba shi ɗaya ne: ka tsaya a inda ya bar ka, ka buɗe ido, ka gaya masa gaskiyar abin da ka gani, ko da gaskiyar ce za ta ɗauke shi daga gabanka. Ni dai na faɗe ta, ta ɗauke mini ɗiya da safe, ta kuma dawo mini da ita kafin faɗuwar rana.